Ƙarin da Ya Fito wa Ari Direba a Maƙogwaro

Duk wanda ya yi zaman tashar manyan motoci a Potiskum ya san Ari. Ko bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Gajere ne kakkaura, amma in ya tsaya a bakin kasuwar shanu ranar Laraba yana faɗa da masu lodi, tun daga titi ake jiyo shi. Mahaifinsa Babarbare ne, daga wajen Gubio ya zo fataucin kanwa ya zauna a unguwar Dogo Tebo, a nan aka haifi Ari. Bai yi nisa a boko ba. Tun yana saurayi ya bi mota, ya yi ɗaurin igiya da canjin taya har aka yarda aka ba shi sitiyari. Fiye da shekara talatin ya yi yana kwasar shanu zuwa kudu, yau Legas, gobe Fatakwal. Ya gamu da 'yan fashi, birki ya taɓa tsinke masa a gangare da bijimai cike da tirela, amma in yana ba da waɗannan labarai dariya yake yi har da buga cinya.

Taba kuwa ya sha ta. Da ita da goro yake korar barci a hanya. Matarsa Kellu ta yi faɗa har ta gaji ta koma addu'a.

Abin ya fara ne da ɗan zafi a maƙogwaro, ɓangaren dama, mai harbawa har cikin kunne. Ari ya ɗauka ciwon kunne ne, ya sayi maganin ɗigawa a kemis. Daga baya muryarsa ta dishe. Ya ce mura ce. Murar ta ƙi wucewa, damina ta shiga ta fita, kuma kullum yana jin kamar wani abu ya maƙale masa, kamar ƙwallon dabino da bai gama haɗiyewa ba. Wani wanzami ya leƙa bakinsa ya ce beli ne ya yi tsawo, ya yanke. Ari ya yi ta tofar da jini, ya sha kunu da ƙyar, da wurin ya warke abin nan yana nan inda yake.

Ranar da tsoro ya fara shigarsa, da rana tsaka ne, a wani wurin cin abinci kafin Lokoja. Ya kai lomar shinkafa, ya kora da ruwa, sai ruwan ya bi wata hanya. Ya taɓa ƙwarewa a rayuwarsa, amma wannan daban ce. Ya ja numfashi, iska ta ƙi shiga. Ya miƙe, kujera ta faɗi, ya dafe tebur yana wani irin ƙugi da bai taɓa jin ya fito daga bakin mutum ba. Yana ganin mutane sun zagaye shi, bakinsu na motsi, shi kuwa duhu na rufe masa ido daga gefe. Da iskar ta samu ta kutsa, sai ya tsinci kansa a durƙushe, rigarsa sharkaf da zufa. Ya ce wa kowa ba komai. Amma da ya hau mota, ya daɗe zaune a bayan sitiyari kafin ya tayar da ita.

Bai faɗa wa Kellu ba. Wanda ya fara gane akwai matsala shi ne Ochai, abokinsa ɗan Idoma mai sayar da kayan gyaran manyan motoci a bakin tasha. Ochai ya daɗe a Potiskum, ko a shekarun tashin hankali da mutane suka yi ta barin gari bai tafi ba. Suna zaune a shagonsa, Ari ya ɗaga kai yana duba wani bel ɗin inji da ke rataye, sai Ochai ya ce, “Oga Ari, tsaya haka. Mene ne wannan a wuyanka?”

“Kaluluwa ce.”

“Kaluluwa tun yaushe?”

Ochai ya miƙa yatsa ya taɓa. Abin tauri gare shi kamar dutse, kuma ba ya motsi.

“Wannan ba na kemis ba ne,” in ji Ochai. “In ba ka je asibiti ba, ni da ƙafata zan je in gaya wa Madam.”

A asibitin Potiskum likita ya shafa wuyan, ya saurari muryar, ya tambayi shekarun da ya yi yana shan taba. Bai yi dogon bayani ba, ya ce a tafi asibitin koyarwa a Kano, wurin likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, kuma kada a ɓata lokaci. Wannan “kada a ɓata lokaci” ita ta raka Ari har gida. Kellu ta haɗa kaya, babbar 'yarsu Hanifa, wadda ke koyarwa a wata firamare a unguwar Dogo Nini, ta nemi izini a wurin aiki, suka kama hanya su uku. Hanyar da Ari ya sani kamar tsakar gidansa, ran nan a kujerar fasinja ya bi ta.

Likitar da ta gan shi mace ce, Dakta Aminatu, siririya mai magana a hankali. Ta fesa masa magani a hanci, ta ɗauko wata siririyar roba mai fitila a baki ta ce za ta zura ta hanci ta leƙa maƙogwaron. Ari ya riƙe hannun kujera da ƙarfi. Ya ji robar na gangarawa, hawaye na zubo masa ba don kuka ba. A gabansa akwai talabijin, sai ga cikin wuyansa ya bayyana, jajir, jiƙaƙƙe, yana motsi duk lokacin da ya ja numfashi. A gefe guda, saman inda murya ke fita, wani ƙullutu ne zaune, sumul, ja mai duhu, ya tokare kusan rabin hanya. Hanifa ta toshe baki da mayafi.

“Baba, ka gan shi?” in ji likitar. “Shi ne ke hana ka haɗiya. Sai mun gutsuri kaɗan mun auna kafin in ce maka ga sunansa.”

“Daji ne?” Ari ya tambaya da dishasshiyar muryarsa.

“Zai iya zama. Ba zan yi maka ƙarya ba.”

Aka sa shi barci aka gutsura, aka yi masa hoton wuya da ƙirji da ciki. Suka sauka a gidan wani ɗan'uwan Kellu suna jira. Da suka koma, Ari ya shirya jin ɗaya daga cikin biyu, ko daji ne ko ba shi ba ne. Sai ya tarar da abin da bai shirya masa ba. Dakta Aminatu ta ce masu awon sun duba naman, ba irin dajin maƙogwaro ba ne da aka saba gani a wurin masu shan taba. Ya yi kama da cututtuka har uku, kowace da maganinta daban. Dole a aika da naman wani ɗakin awo inda suke da wasu sinadarai da ake ɗiga masa, launin da ya bayar shi zai nuna ko wane ne.

“Likita, a fara maganin mana kafin nan,” in ji Kellu. “Mutumin nan ko tuwo ba ya iya ci.”

“Mama, in na fara ban san da wa nake faɗa ba, zan iya cutar da shi. Akwai wanda wuƙa ce maganinsa, gashi da na'ura ba ya yi masa komai. Akwai wanda kuma in an yanka an wahalar da mutum a banza, sai dai ƙarin ruwan magani mai ƙarfi da gashin na'ura. Ku ba ni lokaci in san wanne ne.”

Wannan jiran ya fi komai cin Ari. Yana zaune a tabarma a gidan mutane, yana jin abin a wuyansa duk haɗiyar yawu, yana auna shi da tunani: jiya haka yake, ko ya ƙaru? Ya daina taba ba tare da kowa ya ce masa ya daina ba. Abinci ya koma kunu da shayi, su ma a tsorace yake kurɓa. In Kellu ta shigo sai ya ɗauki carbi, don kada ta ga hannunsa ba abin da yake yi sai shafa wuya.

Da sakamakon ya fito, likitar ta faɗi sunan ciwon, niyuro-endokirin. Hanifa ta maimaita, Ari bai ko gwada ba. Ta yi musu bayani cewa a jikin kowa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi warwatse, masu aiki tsakanin jijiya da jini, su ne suka rikiɗe suka zama ƙari. An fi ganinsa a huhu ko hanji, a maƙogwaro kuwa da wuya ƙwarai. Iri-iri ne, akwai mai tafiya a hankali, akwai mai gudu kamar wutar daji. Na Ari na tsakiya ne. Ya riga ya kai kaluluwar wuya, amma hoto bai nuna shi a huhu ko hanta ba.

“Kin taɓa yi wa wani maganinsa?” Ari ya tambaya.

“Irin naka, a wannan wurin, kai ne na farko da na gani da idona. Na yi magana da malamaina, na kuma tuntuɓi wasu likitoci a waje. Bakinsu ya zo ɗaya, tiyata ce. Aikin kansa kuwa na sha yin irinsa.”

Ari ya dubi Kellu. Da ma ciwon da kowa ya sani ne, da ya samu wanda zai tambaya yadda ya ƙare da shi.

Ta zana musu yadda aikin zai kasance. Za ta cire saman maƙogwaron, har da ɗan murfin da ke rufe hanyar iska in mutum zai haɗiye, ta kwashe kaluluwar wuya gefe biyu. Za a huda masa rami a ƙasan wuya a sa bututu ya riƙa numfashi ta nan kafin wurin ya warke. In komai ya tafi daidai, muryarsa za ta tsira. Amma in ta buɗe ta ga abin ya gangara ƙasa fiye da yadda hoto ya nuna, sai ta cire maƙogwaron gaba ɗaya. In haka ta faru, ramin ya zauna ke nan, kuma ba sauran magana irin wadda ya sani.

Aka ba shi gado. A gadon da ke kallon nasa akwai wani dattijo da aka yi wa irin wancan babban aikin. Yana rufe wuyansa da ɗan farin ƙyalle, ƙyallen na lotsawa yana kumbura da numfashinsa. Da Ari ya gaishe shi, dattijon ya yi murmushi, bakinsa ya motsa, ba abin da ya fito sai iska. Can tari ya kama shi, ya ɗage ƙyallen, Ari ya ga ramin, baƙi, zagayayye, kaki na fitowa ta ciki. Ya kawar da kai, amma ya riga ya gani. Ya tuna dubban shanun da ya kai mayanka, da yadda ake danne su a miƙar da wuya.

Ana gobe aiki, bayan azahar, Kellu ta fita wanke kwanuka, Hanifa ta tafi karɓo magani. Ari ya sa hularsa da takalminsa, ya bi ta ƙofa kamar mai zuwa alwala. Bai tsaya ba sai tasha. Ya shiga motar Potiskum ya kashe wayarsa.

Bai iya zuwa gida ba, ya san maƙwabta za su tambaya. Washegari da safe Ochai ya zo buɗe shago ya same shi zaune a benci, ya kwana a masallacin tasha.

“Oga Ari! Madam tana ta kuka a waya tun jiya. Hanifa ta zagaye asibiti har ɗakin gawa ta leƙa. Me ka yi haka?”

“Ba zan iya ba, Ochai. Gara in mutu da wuyana a rufe.”

Ochai ya aika aka kawo shayi. Ari ya kurɓa sau ɗaya, a na biyu abin Lokoja ya dawo, ya ma fi na wancan karon. Kofin ya faɗi. Ya zube a kan gwiwa tsakanin tayoyi, idanunsa sun firfito, Ochai na dukan bayansa yana kiran sunan Yesu, direbobi sun taru suna salati. Da numfashin ya dawo, da wani sauti ya dawo, siririn fito da ke fita duk jan iska, kuma bai ɗauke ba.

Ochai ya zauna a ƙasa kusa da shi, shi ma yana haki. “Ka ce gara ka mutu. Yanzu ka ɗanɗana. Ya yi maka daɗi?”

Ari ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa.

Ochai ya kira Kellu ya kara masa wayar a kunne. Ari ya zaci faɗa, amma muryarta a sanyaye ta zo. “Malam, tsoron da nake ji ya fi naka. Kai barci za su sa ka, ni ce zan zauna a waje ina jira. In ka fito ba murya, zan zauna da kai haka. Abin da za ka faɗa mini ai na riga na haddace shi. Ka dawo, don Allah.”

Ochai ya rufe shagonsa ya rako shi har Kano. Dakta Aminatu ba ta yi masa faɗa ba. Ta saurari fiton da ke wuyansa, fuskarta ta canza, ta ce ba za a ƙara jira mai tsawo ba. Ranar aikin, da aka tura shi a gadon taya, fitilun rufi na wucewa ta kansa, ya yi ta maimaita kalmar shahada a bayyane, yana sauraron muryarsa da kyau, don bai san ko zai sake jin ta ba.

Ya farka da wuya a naɗe, roba a hanci, bututu a maƙoshi. Ya yi ƙoƙarin kiran Kellu, ba sauti. Ya kama hannun wata nas da ke tsaye a kansa, Mnena sunanta, ya riƙe gam yana nuna wuyansa da ido.

“Baba, kwantar da hankalinka,” ta ce. “Rabin maƙogwaron aka cire. Muryarka tana nan, bututun ne ya hana ta fita. Likita ta ce abin bai gangara ba.”

Ya so ya yarda, amma ya kasa. Ya san ana lallashin marar lafiya da abin da ba haka ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin tunawa. Kaki kan toshe bututun, sai ya ji kamar an shaƙe shi da hannu, ba kuma halin ihu, sai dai ya yi ta dukan ƙarfen gado har Mnena ta rugo da injin zuƙa. Kellu ta koyi jin canjin numfashinsa tun kafin shi ya ji. Ta hanci ake ba shi abinci. Wata safiya Dakta Aminatu ta zo zagaye, ta canza bututun da ƙarami, ta ɗora yatsarta a bakinsa ta toshe.

“Baba, yi magana.”

Ya dube ta, ya dubi Kellu. Tsoron gwadawa yake ji.

“Faɗi komai.”

“Ruwa,” in ji Ari.

Ƙaramar murya ce, a karce, kamar ana jan buhu a siminti. Hanifa ta fashe da kuka ta fita waje. Ruwan kuwa ba a ba shi ba, don sai da ya koyi haɗiya sabuwa fil kamar yaro: ya riƙe numfashi, ya sunkuyar da haɓa, ya haɗiye, ya yi tari nan take kafin ya ja iska. Da kunu mai kauri aka fara. Ya ƙware ba adadi, kowace ƙwarewa sai ya ture kofin ya ce ya fasa, Kellu ta bari ya huce ta sake miƙa masa. A hankali aka zare robar hanci, aka cire bututun, ramin ya haɗe ya bar tabo.

Da za a sallame shi, likitar ta zaunar da su. Ta ce awon abin da aka cire ya nuna an kwashe shi har gefensa, amma wannan ciwon yana da halin dawowa, wani lokaci bayan shekaru, kuma ba lallai a wuya ba. Yakan ɓullo a huhu ko hanta, yakan kuma fito a fata kamar 'yan ƙananan ƙulluttai masu zafin tsiya. Zai riƙa zuwa ana duba shi muddin rai. In ya ga wani abu a jikinsa, ko yaya ƙanƙantarsa, kada ya jira ranar da aka ba shi.

Ari bai koma tuƙi ba. Kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sosai tun aikin, wuyan ma ba ya juyuwa yadda direban tirela ke buƙata. Ƙungiyar direbobi ta ba shi kujera a tasha, shi ke tsara wace mota ke bin wace a lodi. Ya rame, yana naɗa rawani ko ana zafi. Masu zuwa gaishe shi sukan ce ya warke, ya amsa da alhamdulillahi. Amma kowace safiya in ya shiga wanka sai ya bi jikinsa da tafin hannu, ƙirji, ciki, hammata, cinya, a hankali, yana riƙe da numfashi.

Bayan Sallar layya ta bara hannunsa ya ci karo da wani abu a ƙasan haƙarƙari, ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake, mai zafi. Ya daɗe tsaye a banɗaki, ruwa na bushewa a jikinsa. Wannan karon bai ɓoye ba. Ya fito ya kama hannun Kellu ya ɗora a wurin, ta taɓa, ta dube shi, ta juya ta fara haɗa kaya.

A Kano Dakta Aminatu ta duba, ta matsa, Ari ya yi ƙara. Ta ce ga dukkan alamu maruru ne, amma ba za ta yarda da idonta kaɗai ba, sai da ta tsaga ta aika awo. Suka sake zaman jira a gidan ɗan'uwan Kellu. Maruru ne. Da aka faɗa musu, Kellu ta yi hamdala har da ɗaga hannu, Ari kuwa sai da ya zauna a bencin baranda ya huta kafin suka fita neman mota. An ce ya dawo a sake hoton ƙirji kafin azumi.